Dawar da Labbo Ya Ƙi Yanka

Da kakar bana shekara ashirin ke nan cif da muka kai Labbo makwancinsa a Nahuce, ta ƙasar Bungudu. Taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce, kuma damina ɗaya aka haife mu. Makaho ne tun yana ɗan shekara bakwai, agana ce ta tafi da idanunsa biyu ta bar masa zanzana a fuska. Manomi ne kuma, mai gonar kansa da rumbun kansa. Da gangan na jera waɗannan biyun kusa da juna, don har yau akwai masu ganin ba za su haɗu a jikin mutum ɗaya ba.

Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba. Ni ba marubuci ba ne, bokon ma da furfurata na koye shi a ajin manya nan Gusau. Abin da ya tayar da ni wata magana ce da na ji watan jiya, da na je Nahuce sunan jikansa. Bayan an watse, 'ya'yan Mamman, wan Labbo, suka zagaya gonaki da wani baƙo malamin gona, ni ma na bi su a baya da sandata. Da muka iso gonar Labbo, baƙon ya ga gambar iyaka ta taho sambal, sai can wajen rafi ta yi kwana ta shigo ciki. Ya tambayi dalili. Babban ɗan Mamman ya yi murmushi ya ce ai Baba Labbo ne ya ja iyakar da kansa, kuma an san lalurarsa, ya dai yi ƙoƙari. Ya ƙara da cewa mahaifinsu ne ya ba shi gonar saboda tausayi. Kowa ya ce Allah sarki. Ni kuwa na ja bakina na yi gum, wai kada in ɓata taro. Karo na biyu ke nan da na yi shiru a bakin wannan gona, kuma ban ga alamar ina da sauran kwanakin yin na uku ba.

Abin ya faru tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, Turawa ba su daɗe da fara sayen auduga a ƙasarmu ba, mu kuma muna samari 'yan ashirin da ɗoriya. Uban Labbo ya rasu ya bar gona babba a gefen rafi da 'ya'ya maza biyu. A lokacin gandu ake yi, gida ɗaya, gona ɗaya, rumbu ɗaya, babba ke riƙe da komai, shi ke ciyarwa, shi ke cewa a yi ko a bari. Labbo tufkar igiya yake yi, sana'ar da aka yarda makaho ya yi. Yana zaune gindin bango da ramarsa, ana wucewa ana ce masa sannu. Igiyarsa har daga rugage Fulani ke zuwa nema. Amma duk abin da ta kawo cikin gandu yake faɗawa, ko wando zai ɗinka sai ya gaya wa wansa.

Ana gama sadakar arba'in Labbo ya ce a yanka masa rabonsa, zai noma da kansa. Gidan ya ɗauka zafin rashi ne. Wata gwaggonsu ta ce a kai shi Gusau, can makafi suna da sarkinsu da unguwarsu, ba a barin su da yunwa. Mamman ya ce a'a, muddin yana numfashi ƙanensa ba zai je ko'ina ba, ci da sha da sutura duk a wuyansa. Aka yi ta sa masa albarka. Babu wanda ya lura cewa duk maganar nan a kan Labbo ake yin ta, yana zaune a wurin, ba a juyo an tambaye shi ba. Mamman mutum ne mai sanyin murya, ban taɓa jin ya daka wa kowa tsawa ba, kuma daga kansa na fara yin kaffa-kaffa da masu sanyin murya.

Labbo ya kafe, magana ta kai zauren mai gari. Liman ya ce a shari'a rashin ido ba ya hana gado, rabonsa nasa ne. Mamman ya durƙusa ya ce, “Ranka shi daɗe, ni ban hana mai haƙƙi nai ba. Amma in gonag ga tak koma daji, mi za mu ce mun yi ma Baba? Kuma ko an ba shi, mutane na za su noma mai don tausai, a ce shi yay yi.”

Labbo yana da zuciya, ba ya bari magana ta kwana a bakinsa. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “Damina guda nika so. In hauyar wani tat taɓa ta, ka ɗauka.”

Mai gari ya ce an ji. Idan ya noma ya girbe da hannunsa, gona ta zauna a hannunsa har abada. Idan ya kasa, ko wani ya sa masa hannu, ta koma gandu, shi kuma ya koma gindin bango. Na dubi Mamman lokacin da ƙanen ya furta wannan alkawari. Fuskarsa ba ta motsa ba. Na sha tuna wannan fuska, har yau ban iya karanta ta ba.

Yadda Labbo ya yi noman nan abin kallo ne, kuma an yi kallon. Ya kafa turaku a kai da ƙarshen gona, ya ja igiya tsakaninsu, ya ƙulla ta a kowane taki. Inda ƙulli yake nan zai sa iri, sai ya matsa da igiyar gaba. Da shuka ta fito, duk abin da ya tsiro ƙarƙashin ƙulli dawa ce, sauran na hauya ne. Kafin a gama noman fari ma ya daina dogara da ƙullin, yatsunsa sun san ganyen dawa sun san na ciyawa. Layinsa ya fi na masu ido miƙewa, abin da ya ɓata wa wasu rai. Ni kuwa aikina tsiya, tunda abin da ke tsakanin taubasai ke nan. In na wuce sai in ce, makaho, tsakuwa ka shuka yau. Shi kuma ya ce bahago, tafi ka koyi riƙon hauya tukuna. Da hagu nake aiki tun ina yaro, an yi dukan duniya ban daina ba, sai a cin abinci kawai aka ci ƙarfina.

In na ga yadda ake yi yanzu, sai in ce da Labbo zai dawo ya zaga Gusau, ban san ko dariya zai yi ko tsaki ba. An ce an waye. Ana tara samari masu lalura a inuwa guda, makaho da gurgu da kurma, a koya musu saƙar tabarma su duka, manyan baƙi su zo su shafa tabarmar su yi tafi. Ban ce babu alheri a ciki ba, yunwa ba ta da daɗi. Amma na san tambayar da zai fara yi, wa ya ce da ku tabarma suke so? A nan unguwarmu ta Damba akwai wani saurayi da shan inna ya taɓa wa ƙafafu. Sau uku ina tambayarsa sana'ar da yake sha'awa, sau uku ubansa na amsa mini. Uban yana son ɗansa, ban musa ba. Mamman ma haka aka ce, yana son ƙanensa.

Mu koma gona. Da marka ta kankama, lokacin huɗa ya yi, wato a bi da galma a tara ƙasa gindin dawa a tayar da kunya. Labbo ya huɗe sama da tsakiya, saura can ƙasa wajen rafi, inda ƙasar ta fi kyau kuma ciyawa ta fi saurin tashi. Sai ya taka kututture, ƙafa ta kumbura, ya yi kwana shida bai fita ba. Ciyawa ta fara haɗiye dawar rafin. Duk mai wucewa sai ya girgiza kai.

Ranar Alhamis da la'asar Mamman ya same ni ina gyaran darni, dangar karan gidanmu. Ya tsaya ya yi ta jan numfashi, ya ce abin taubashina yana hana shi cin abinci. “Gobe za a ɗora shi bisa jaki a kai shi Bungudu wurin wanzami, shi yi Juma'a can,” in ji shi. “Ni in nis shiga gonar, ka san abin da za a ce. Amma kai, Sanda, wa ka sa maka ido? Kuma shi ba gani shikai ba.” Bai ce in je ba. Na maimaita maganar nan a raina ya fi a ƙirga, ban sami inda ya ce in je ba. Ya dai ajiye ta a gabana ya yi gaba.

Ni kuma na ɗauka, kuma ba zan ɗora wa Mamman wannan ba. Ina son Labbo, ina tsoron ya kasa, kuma a can ƙasan zuciyata, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ban taɓa yarda zai iya ba. Da gari ya tafi Juma'a na ce cikina ke ciwo. Na saɓa galma na gangara rafi. Ranar Juma'a gonaki ba kowa, sai tsuntsaye. Na huɗe kunya tara, ina yi ina jin kaina mutumin kirki. Ina goge gumi sai ga Mamman a kan hanya tare da wani maƙwabcinsu mahauci, wai akuya ce ta ɓace suke nema. Mahaucin ya ce mini sannu da aiki. Mamman ya dubi sama kamar mai duba hadari. Na ajiye galmar. Mutumin da ya ce ciwon ƙanensa ya hana shi cin abinci bai raka shi wurin wanzami ba, kuma a duk faɗin Nahuce ba inda akuyarsa ta ga damar ɓacewa sai bakin wannan rafi.

Bayan kwana biyu Labbo ya ɗingisa ya koma gona. Ina leƙensa daga nesa. Ya gangara rafi, ya tsuguna, ya shafa kunyar farko, ya shafa ta biyu, ya bi su har ta tara. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya tashi ya kawo turaku huɗu da igiya ya kewaye su, ya ci gaba da huɗa daga ta goma. Bai sake sa ƙafa cikin kewayen nan ba har kaka. Mutane suka ce ko maciji ya ji, wasu suka ce iskokin rafi ne suka tsorata shi. Bai ce wa kowa uffan ba.

Ni ma bai ce mini komai ba, abin da ya yi ya fi magana ciwo. Washegari na wuce na ce, makaho, yaya ƙafa, sai ya miƙe tsaye ya ce, “Lahiya lau, Malam Sanda. Ina gajiya? Ina mutanen gida?” Wanda bai san taubasantaka ba zai ce ladabi ne. Mu kuwa mun san ranar da taubashinka ya fara gaishe ka kamar surukinsa, ya cire ka daga jikinsa ke nan. Sama da shekara yana kirana Malam Sanda. Na gwammace ya rufe ni da sanda a tsakiyar kasuwa.

Kaka ta yi, mai gari da liman da dattawa suka zo gani da ido. Dammunan dawa na jere a bakin gona, Labbo ya yanka ya ɗaure da igiyarsa, ba mai iya cewa ga inda ya gaza. Na hangi mahaucin nan a bayan Mamman, ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a. Mamman ya yi gyaran murya. Kafin ya buɗe baki Labbo ya riga shi.

“Ranka shi daɗe, kunya tara na can bakin rahi, dawarsu na tsaye. Ni nis shuka, amma ba ni nih huɗe ba. Ban yanka ba, ba ni kuwa yankawa.”

Mai gari ya tambaye shi wa ya huɗe. Ya ce, “Makaho na ni, ina zan gane shi?” Aka yi dariya, ban da ni. Mamman ya ce a hankali shi dai alkawari ya sani, an ce in hauyar wani ta taɓa, a ɗauka. Aka yi ta ja-in-ja. Daga ƙarshe liman ya ce mutumin da ya tona wa kansa asiri ba wanda ya tambaye shi ba za a kira shi maha'inci ba, amma alkawari ma ba a zubar da shi. Mai gari ya yanke cewa inda galmar wani ta taɓa ya koma gandu, saura duka na Labbo ne. A ranar aka dasa gamba, ta taho sambal, ta yi kwana ta zagaye kunya tara, wuri mafi albarka a gonar.

Ina tsaye a wurin. Da na ce ni ne, da na faɗi wanda ya same ni ina gyaran darni, wataƙila da hukuncin ya sauya. Mahaucin bai yi magana ba don ba a bukace shi ba. Mamman bai kira sunana ba, don ya san in ya kira nawa zan kira nasa. Ni kuma na tsaya ina kallon yatsun ƙafata. Tsoro ne, ba wani abu ba, tsoron a ce ga wanda ya cuci makaho.

Shin tarko Mamman ya ɗana mini, ko tausayi ne ya kwashe shi kamar yadda ya kwashe ni, daga baya ya ga dama ta faɗo ya kama? Shekara da shekaru ina juya wannan. Shekarar da fara ta cinye Nahuce, Mamman ne ya raba abin da ya rage a rumbunsa biyu ya aika wa ƙanensa rabi. Ranar da Labbo ya rasu ya yi kuka har sai da aka riƙe shi. Amma kunya taran nan bai mayar ba, ya noma su har ya mutu ya bar wa 'ya'yansa. Na bar shi da Allah, wanda ya san abin da ke cikin ƙirji. Ni dai zargina bai kwanta ba, kuma ba zan yi ƙaryar ya kwanta ba don mutumin yana kabari.

Da rani Labbo ya ja dangarsa, ya buɗe ƙofar gidansa daban. Shekara na zagayowa ya auri Ige, wata bazawara daga 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe, wadda ta san shi ta wajen sayen igiyar guga. Shi ya je neman aurensa da bakinsa. Ranar da aka kawo ta ina raɓe a bayan taro, ban san ko ana so na a wurin ba. Sai na ji muryarsa ta ratsa mutane.

“Ina bahagon nan? Taho nan, ɓarawon aiki!”

Wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba, sai da hawaye suka zubo mini. Ya kama hannuna na hagu ya matse, ya yi ƙasa da murya. Ya ce tun kunyar farko ya gane ni, don duk Nahuce kowa dama yake kifa ƙasa, mutum ɗaya ne ke kifa ta hagu. Na fara rantse-rantse ina cewa don Allah na yi. Ya ce ya sani, shi ya sa abin ya yi masa zafi. “Da ka tambaye ni, Sanda. Ƙila in ce i, ƙila in ce a'a. Amma kab bar ni Bungudu kay yanke ma gonata shawara.” Na so in gaya masa maganar darni, ya ce ba ya son ji, wansa ne, kuma gobe ma wansa ne.

Kada wani ya ɗauka Labbo mai ƙin taimako ne. Bayan gona ta tabbata tasa, kusan kowace damina sai ya kira gayya, Ige ta dama fura, makaɗi ya zo, samari su huɗe masa gona kafin azahar, shi ma ya je ta wasu da galmarsa. Ni ma ina zuwa, yakan sa ni a kunyar gefe wai kada in karkatar masa da sauran. Shi ke kira, shi ke cewa a fara daga nan a tsaya a can. Ya haifi 'ya'ya huɗu, ya aurar da biyu da hannunsa, ya yi rigima da maƙwabta a kan awaki kamar kowane magidanci, wani lokaci ma shi ne mara gaskiya. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi ana tsakiyar yankan dawa, yana ta faɗa daga kan shimfiɗa wai ba a ɗaure dammunan da kyau ba.

Me ya rage na Labbo bayan shekara ashirin? Igiyoyinsa sun ruɓe tuntuni. Waɗanda suka zauna a zauren mai gari duk sun tafi, sai ni. Gonar na nan a hannun 'ya'yansa, suna ci daga cikinta, kuma ba wanda ya ba ubansu ita don tausayi, da ƙafa mai ciwo ya ƙwace ta. Ni abin da ya bar mini shi ne rashin yarda da hannuna. Duk ranar da na ji zuciyata ta yi laushi a kan wani mai lalura, har na fara shirya masa abin da ya dace da shi, sai in tuna yadda na ji kaina mutumin kirki a bakin rafin nan da galma a kafaɗa.

Saura maganar iyaka. Malamin gona, in wannan takarda ta iso hannunka, kai da 'ya'yan Mamman da jikokin Labbo, ku gyara abin da kuka ji ranar suna. Labbo bai taɓa jan layi ya karkace ba. Kwanar nan da kuka gani a bakin rafi ni na yi ta, ranar wata Juma'a, da idanuna biyu a buɗe.